Dafa-dukan Taliya da Wake a Tukunya Ɗaya

Taliya da wake abinci ne da kowa ya sani, amma ba kowa ke iya haɗa su a tukunya ɗaya su fito yadda ake so ba. Abin da aka fi samu ɗayan biyu ne: ko dai taliyar ta caɓe alhali waken yana nan da ƙarfinsa, ko kuma a yi ta ƙara ruwa ana jiran wake ya nuna har abincin ya yi tsululu, ɗanɗanonsa ya salance. Shi ya sa mata da yawa suka haƙura, suke dafa wake daban, taliya daban, su tace, a ci da mai da yaji. Wannan ma abinci ne mai daɗi, babu musu. Sai dai tukunya biyu ke nan, wuta biyu, wanke-wanke biyu, kuma romon waken da ake tsiyayewa a zubar shi ne rabin daɗin girkin.

Matsalar daga lokaci take. Busasshen waken da ba a jiƙa ba yana cin minti 40 zuwa awa ɗaya a kan wuta, tsohon wake ma ya fi haka. Taliyar leda kuwa minti 10 ya ishe ta. Akwai kuma abu na uku da ba a cika lura da shi ba: tsamin tumatir yana hana wake yin laushi. Muddin wake ya haɗu da tumatir tun bai nuna ba, to zai ƙi sakin jiki, uwargida ta yi ta ƙona gas ko gawayi a banza. Saboda haka girkin nan gaba ɗayansa magana ce ta wa zai riga wa shiga tukunya. Wake ya gama nuna kafin ya ga tumatir. Tumatir ya gama soyuwa kafin ya ga ruwa. Sannan taliya ta shiga, cikin ruwan da aka auna mata.

Mu fara daga kasuwa, domin waken da kika sayo shi zai nuna ko ƙarfe nawa za a ci abincin dare. Allah ya hore mana wake. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noma irin waken nan namu, Nijar na biye da ita, kuma duk wanda ya shiga kasuwar Dawanau a Kano bayan kaka ya ga buhuna an jibge su har sun fi tsayin mutum. Akwai kanannado mai manyan ƙwaya farare, akwai ɗan ila da sauran masu matsakaiciyar ƙwaya, akwai jan wake, har da mai zaƙi-zaƙin nan da mutanen Kudu suka fi so. Kowanne zai yi. Ni dai a wannan girki na fi son matsakaici, saboda yana shiga tsakanin silin taliya ya zauna, ba ya gangarewa ƙasan faranti. Jan wake kuma romonsa ya fi duhu da armashi. Sabon wake na kaka shi ya fi saurin nuna. Wanda ya yi watanni a ajiye cikin zafi da laima ƙwayarsa takan ƙara tauri, sai an yi masa haƙuri.

Kafin a auna miki, ki ɗebi kaɗan a tafin hannu ki duba. Ƙananan huji a jikin ƙwaya, da gari-gari a ƙasan kwano, da wasu fararen ɗigo da ke manne a jikin ɓawo, duk alamar ƙwaro ne. Sannan ki kai shi hanci. Wannan ya fi komai muhimmanci. In kin ji warin magani, musamman warin fiya-fiya, ki mayar masa da kayansa ko da kyauta ya ce zai ba ki. Ba ƙaramar magana ba ce: a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda an riƙa samun irin wannan maganin ƙwari a jikinsa fiye da ƙima. Gara waken da ƙwaro ya ɗan taɓa, a tsince shi, da wanda ya yi tas amma yana warin guba. Abin takaicin shi ne akwai hanyar ajiya da ba ta bukatar magani ko ɗigo. Buhun nan da ake kira PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu, a ɗaure kowanne tam, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu. A gida ma haka ne. Ki samu busasshiyar jarka ko robar ruwa, ki cika ta da wake har wuya, ki rufe gam.

Ga abin da zai ishi mutum biyar ko shida. Taliya leda ɗaya, wato giram 500. Wake gwangwanin madara uku. Manyan tumatir biyar ko shida, tattasai uku, attaruhu gwargwadon yadda mutanen gidan ke cin yaji, albasa manya biyu, tafarnuwa sala huɗu, ɗanyar citta ɗan gutsure. Mai ludayin miya ɗaya da rabi, daddawa ƙwaya biyu, dunƙule biyu ko uku, gishiri, busasshen kifi in da hali, sai alayyaho ɗauri ɗaya. Tukunyar ta kasance mai faɗi, mai kaurin gindi, mai murfin da ke zama daidai. Siririyar tukunya mai zurfi tana sa taliyar ƙasa ta narke ta sama ba ta nuna ba, mai sirantaccen gindi kuma da wuri take kamawa.

Ki tsince waken, ki rege shi yadda ake rege shinkafa, don tsakuwa ɗaya ta isa ta sa maigida ya ajiye cokali. In kin san da daddare za ki yi girkin, ki jiƙa shi tun da hantsi cikin ruwan sanyi mai yawa, ki bar shi awa huɗu zuwa shida. Jiƙo yana rage lokacin dahuwa sosai, wani lokaci har kusan rabi. A lokacin zafi kada ya wuce haka, sai ya fara kumfa da tsami. In kuwa shawarar girkin da yamma ta zo, ba komai: ki ɗora shi a wuta da ruwan da ya sha kansa, ya tafasa minti biyar, ki tsiyaye ki ɗauraye. Ko jiƙo kika yi ko tafasa, wannan ruwan na farko zubar da shi ake yi. Akwai wasu nau'o'in sukari a cikin wake da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, sai ƙwayoyin halittar da ke cikin babban hanji su ci su, su saki iska. Abin da ke kawo kumburin ciki ke nan. Suna narkewa a ruwa, don haka ruwan farko yana tafiya da wani kaso nasu, tare da ƙura da dattin buhu. Amma kada wani ya ce miki tafasa tana wanke waken da aka yi wa ambaliyar magani. Ba ta mayar da shi abin ci.

Yanzu ki ɗora sanwa ta gaskiya. Ki zuba waken a tukunya da ruwa lita ɗaya da rabi. Wadda ba ta da abin awo ta tuna ruwan leda guda rabin lita ne, uku ke nan. Ki yanka rabin albasa a kai, ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Mutane da yawa suna tsoron sa gishiri da wuri wai yana hana wake nuna. Gishiri daidai misali ba ya hanawa, yana ma sa ɗanɗano ya ratsa cikin ƙwayar. Abubuwan da ke hanawa su ne tsami, da tsufan wake, da ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse mai nauyi, irin wanda sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa. Idan ya tafasa ki rage wuta, ki rufe amma ki bar 'yar kafa don kada kumfa ta yi ambaliya, ya ci gaba da dahuwa a hankali. Zaɓarɓaka mai ƙarfi farfasa ɓawo kawai take yi ta bar cikin da tauri.

Sai maganar kanwa, wadda a nan ne ake yawan ɓata girkin. Gaskiya ne kanwa tana sa wake saurin nuna, domin aikinta kishiyar aikin tsami ne. Iyayenmu da suka saba jefa ungurnu a tukunyar wake sun san abin da suke yi. Amma a dafa-duka lissafin ya bambanta, saboda ruwan da aka dafa waken a ciki shi ne taliyar za ta sha. Kanwa in ta yi yawa wake yakan yi duhu ya dagargaje, taliya ta yi santsi da wani launi mara kyau, a ji ɗanɗanon sabulu-sabulu a baki. Manja ma in ya haɗu da ruwan kanwa sai jansa ya koma rawaya ya yi kauri. Bayan haka tana lalata wani kaso na bitamin B1 da ke cikin waken. Shawarata ita ce sabon wake da wanda aka jiƙa ba sa bukatar kanwa ko kaɗan. Tsohon wake da ya ƙi ji, a jiƙa masa 'yar ƙarama da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, a tsiyaye ruwan saman a zuba, a bar yashin a ƙasan kofi. Mai tukunyar furesha kuwa ta huta da wannan duka, minti 10 zuwa 15 bayan ta fara huci ya isa.

Yaya za ki gane ya nuna? Ki ɗebo ƙwaya uku ko huɗu daga wurare daban-daban na tukunyar, ki matse kowacce tsakanin babban yatsa da manuniya. Ta murƙushe lumus, babu wani ɗan tauri a tsakiya, in kin kai baki babu gafi, amma kuma a cikin tukunya ƙwayoyin suna nan da siffarsu ba su fashe ba. Kada ki ce saura kaɗan, zai ƙarasa tare da taliya. Ba zai ƙarasa ba, tumatir na jiransa. Idan ya kai, ki ɗora kwando a kan babban kwano ki juye, wake ya tsaya a sama, romon ya taru a ƙasa. Wannan romon na biyu ko cokali ɗaya kada ki zubar.

Minti talatin ko arba'in ɗin da wake ke kan wuta ba na zama ba ne. A ciki za ki jajjaga tumatir da tattasai da attaruhu da albasa guda, ki daka daddawa da tafarnuwa da citta, ki jiƙa kifin a ruwan zafi da gishiri ki goge yashinsa ki cire ƙaya, ki wanke alayyaho kafin ki yanka. Jajjage ya fi markaɗe kyau a nan, don ba shi da ruwa da yawa kuma ana ganinsa a jikin taliya. Da damina, lokacin da ɗanyen tumatir ke tsada, kauɗa da aka wanke aka jiƙa tana yi, haka ma tumatirin leda guda biyu, sai dai a ƙara albasa.

Ki mayar da tukunyar kan wuta, ba sai kin wanke ta ba, ki bari ta bushe, ki zuba mai. Manja shi ne abokin wake, ƙamshinsu tare ba ya da na biyu, amma shi kaɗai yakan yi wa taliya nauyi. Na fi son rabi manja rabi man gyaɗa. Kada ki bar manjan ya yi ta hayaƙi har ya yi fari, domin jan nan nasa shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Ya narke ya yi zafi kawai. Ki zuba sauran rabin albasar da kika yanka, ta yi laushi gefenta ya fara ja, ki sa dakakkiyar daddawa da tafarnuwa da citta, ki juya na ɗan lokaci har ƙamshi ya tashi. Sai jajjage.

A nan ake bukatar tsayuwa a gaban murhu. Da farko za ki ga kayan miyan sun saki ruwa, suna ɓararraka, tururi na tashi da warin ɗanyen tumatir, launinsu ja ne mai haske. Ki bar tukunyar a buɗe, kina juyawa jefi-jefi. Bayan minti goma ko sha biyar ƙarar za ta canja, ɓararrakar ta lafa ta koma 'yar tsuwwar suya. Jan zai yi duhu, mai ya fito ya kewaye gefen tukunya da ƙananan kumfa, kuma in kin ja cokali ta tsakiya za ki ga gindin tukunyar na ɗan lokaci kafin miyar ta rufe hanyar. Ki ɗanɗana. In tsami ya tafi, ya soyu. Wasu suna gajarce wannan mataki da kanwa ko bakin hoda don su kashe tsami, amma abin da suke samu miya ce mai ɗanɗanon dafaffen tumatir, ba soyayye ba. Yanzu ki sa kifin, da dunƙule, da kori ko masoro in kina so. Ki kula da dunƙulen nan, kusan rabinsa gishiri ne ko ma fiye, ga kuma gishirin da ke cikin romon wake. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali guda. Daddawa da kifi in sun ji, dunƙule biyu ma ya isa.

Sai awon ruwa. Leda ɗaya ta taliya tana bukatar lita ɗaya da 'yar ɗoriya, har da romon waken a cikin lissafi. Ki auna romon da kofi ko gwangwani, ki cike abin da ya rage da ruwa, ki zuba a kan soyayyen kayan miyan, ki kankare abin da ya manne a gindin tukunya ya narke a ciki. Ki fara da lita ɗaya cif, ki ajiye ruwan zafi a buta ko filas a gefe. Ƙara ruwa abu ne mai sauƙi, rage shi ne ba ya yiwuwa. Idan ya tafasa ki ɗanɗana, ya kasance gishirinsa ya ɗan fi yadda kike so abincin ya kasance, saboda taliya za ta shanye.

Ki karya taliyar gida biyu ko uku. Kada ki zuba ta dunƙule guda, ki barbaza ta kaɗan-kaɗan, wannan a tsaye wancan a gicciye, ki danna ta ta nutse. Minti biyu na farko su ne lokacin da take mannewa da juna, don haka ki tsaya da cokali mai yatsu ko na katako kina ɗaga ta kina warwarewa. Daga nan ki rage wuta zuwa matsakaiciya, ki rufe. Har yanzu wake yana kwando, kuma da gangan ne. Wake ya fi taliya nauyi, in ya shiga da wuri sai ya nutse ƙasa ya kama, ƙauri ya ratsa abincin duka. Bayan minti biyar, lokacin da taliyar ta yi laushi tana lanƙwasa amma cikinta da saura, sai ki juye waken a sama, ki ɗago taliyar daga ƙasa a hankali ta rufe shi. Ruwan a lokacin ya kamata ya zo daidai da saman abincin, ana hango shi ta tsakanin sili. In ya yi ƙasa sosai, ki zuba rabin kofi na ruwan zafin nan ta gefen tukunya. Ruwan sanyi yana tsayar da tafasa, taliya ta zauna a ciki tana kumbura ba ta dahuwa.

Ki sake rufewa na minti uku ko huɗu. Mai girki da gawayi ta kwashe rabin garwashin a wannan lokaci, mai itace ta janye itacen. Ki ɗauko sili ɗaya ki gutsura. In akwai ɗan farin ɗigo siriri a tsakiyarsa, lokacin alayyaho ya yi: ki watsa shi a sama, da lawashi in akwai, ki rufe minti biyu, ki sauke. A sauke tukunyar da sauran ɗan romo a ƙasanta, kuma taliyar da ɗan ƙarfinta. Wannan shi ne wurin da zuciya ke cewa a ƙara minti biyu, kuma minti biyun nan ne ke caɓar da abinci. Zafin tukunya bai ƙare ba. Ki bar ta a rufe minti biyar a ƙasa, taliyar za ta ƙarasa nuna, ta tsotse romon, abin da ya rage ya haɗu da sitacin da ta saki da man ya zama miya mai kauri da ke lulluɓe kowane sili. Wadda ke son ya ƙara kauri ta murƙushe wake ludayi guda da bayan cokali ta gauraya a ciki kafin ta zuba a faranti.

In an yi rashin sa'a ruwa ya yi yawa, a buɗe murfi a ƙara wuta na minti ɗaya ko biyu, ana ɗagawa a hankali. In ya kama, kada a kankare. A juye na saman a wani mazubi a bar ƙanzon.

Mai son zogale a maimakon alayyaho ta zuba ɗanyen ganyen tare da wake, don ya fi bukatar wuta. Karas yankakke yana shiga tare da ruwa. Makaroni ma ta dace ƙwarai, ta ma fi sauƙin juyawa kuma yara sun fi iya cinta da cokali, sai dai a duba lokacin da aka rubuta a jikin ledarta. Taliyar Hausa kuwa, 'yar murjin nan da ake yi da fulawa a shanya a igiya, hukuncinta daban ne. Minti uku zuwa biyar take nuna, kuma tana sakin gari sosai. Da ita, wake ne zai fara komawa tukunya, a rage ruwan sosai, a shimfiɗa ta a sama a rufe ta kusan turara, a juya sau ɗaya tak a ƙarshe.

Ɗalibai da gwauraye da matan da ke dawowa daga aiki bayan la'asar, ga hanyar da za ta mayar da girkin nan na minti 25. Ranar hutu a dafa wake mai yawa, a raba shi da romonsa a ƙananan robobi a sa a firiza, in wuta tana samuwa. Duk daren da ake bukata sai a fara daga suya. Waken gwangwani ma yana yi, wanda aka dafa cikin ruwan gishiri, ba mai miyar tumatir da sukari da ake ci da burodi ba. Gwangwanin giram 400 in an tsiyaye ruwansa wake kimanin giram 240 ke saura, biyu ko uku za su ishi leda ɗaya. Gargaɗi ɗaya ga masu sayen busasshen jan waken nan na waje mai siffar ƙoda a manyan kantuna: shi ba irin namu ba ne, yana ɗauke da wani sinadari mai sa amai da gudawa, dole a jiƙa shi sannan ya tafasa da ƙarfi na aƙalla minti 10 kafin a rage wuta.

Ba mu kaɗai muka gano wannan haɗi ba. Mutanen Italiya suna da tsohon abincin talakawa da suke kira pasta e fagioli, taliya da wake ke nan. A yankin Napoli a cikin romon waken suke dafa taliyar kai tsaye, har sukan haɗa gutsattsarin taliya iri-iri da suka rage a gida, da man zaitun da tafarnuwa da ɗan tumatir, su murƙushe wani kaso na waken don ya yi kauri. Su da ba sa son a karya doguwar taliya, a wannan abinci suna karyawa. Dalilin da ya sa talakan can da na nan suka dace a kan abu ɗaya a fili yake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, abin da ke gina jiki. Furotin ɗin alkama, wadda da ita ake yin taliya, yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda wake ke da shi da yawa, alkama kuma tana cike giɓin da wake ke da shi. In sun haɗu a faranti ɗaya, gidan da bai samu nama ba a ranar bai yi asara mai yawa ba. Ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini a cikin wake da ganye, wanda jiki ya fi sha in an matsa lemon tsami a kan abincin ko an ci da ɗanyen tumatir; shayi kuma in an sha shi nan take bayan cin abinci yana rage shan, gara a jinkirta shi da awa guda. Mai ciwon sukari ya rinjayar da wake da ganye a kan taliya, ya kuma tsaya kan awon da likitansa ya ba shi.

A zuba shi da zafinsa, a yanka ɗanyar albasa da kabeji ko kokwamba a gefe, a ajiye yajin ƙuli ga mai so. Dafaffen ƙwai ko soyayyen kifi ƙari ne, ba sharaɗi ba. Abin da ya rage kada a bar shi ya kwana a kula ko a tukunya a rufe, domin wake da wuri yake lalacewa a ƙasar zafi. A juye shi a faffaɗan mazubi ya huce, a sa a firij cikin awa biyu, da safe a yayyafa ruwa kaɗan a yi ɗumame har ya yi zafi ciki da waje. Inda babu firij, a dafa daidai cikin mutanen gida.

Uwargida, in wannan ne karonki na farko, ki fara da rabin leda, da wake gwangwani ɗaya da rabi, da ruwa rabin lita da ɗan ƙari. Ki lura da inda ruwan ya tsaya a jikin tukunyarki da kuma minti nawa murhunki ya ɗauka, domin awon da za ki riƙa bi ke nan ranar da za ki dafa wa gida duka. A ci lafiya.